Lalurar Bunƙasar Harshe a Yara: Siffofinta, Musabbabanta da Hanyar Gano Ta a Tsakanin Yara Masu Tasowa da Hausa

Tsakure

Lalurar bunƙasar harshe tangarɗa ce da ke hana yaro koyon harshensa na farko yadda tsararrakinsa ke koya, alhali babu kurumta ko wata sananniyar cuta da za a jingina wa matsalar. Binciken da aka gudanar a Amurka da Ingila ya nuna tana shafar kimanin yara 7 cikin 100, kuma mafi yawansu ba a gane su. Wannan maƙala ta yi bayanin ma'anar lalurar da yawanta da musabbabanta da tasirinta ga karatu da zamantakewa. Daga nan ta nuna cewa lalurar tana bayyana ne ta sassan nahawun da suka fi wuya a harshen da yaro ke koyo, saboda haka ba za a iya gano ta a yaro Bahaushe da ma'aunin da aka gina kan Ingilishi ba. An kawo sassan nahawun Hausa da suka cancanci a fara gwadawa, da abubuwan lafiya da na al'ada da mai tantancewa zai kula da su.

1.0 Gabatarwa

Yawancin yara suna koyon harshe ba tare da an zaunar da su an koya musu ba. Kafin yaro ya kai shekara 5 ya riga ya mallaki dubban kalmomi da kusan duk ginshiƙan nahawun harshen gidansu, ta hanyar saurare da kwaikwayo da hira kawai. Amma akwai rukunin yaran da wannan koyo ke zame wa aiki. Suna ji, suna gani, suna wasa da sa'o'insu, wasu ma suna da basirar aikin hannu, sai dai magana da fahimtar magana ba sa tafiya daidai da shekarunsu. A gida akan ce yaron yana da nauyin baki ko kunya. A makaranta akan ce daƙiƙi ne ko mai kunnen ƙashi. Da yake babu wata alama a jiki, lalurar takan ɓuya a bayan waɗannan sunaye har yaro ya girma.

Ya kamata tun farko a rarrabe tsakanin matsalar furuci da matsalar harshe. In'ina da tsamin baki sun shafi yadda sauti ke fita daga baki: yaro ya san abin da yake son faɗa, fitar da shi ne ke ba shi wuya. Matsalar harshe kuwa ta shafi kalmomi da ma'anarsu, da ƙirar kalma, da ginin jimla, da fahimtar abin da aka faɗa. Yaro na iya furta kowane sauti raɗau amma ya kasa haɗa jimla mai kan gado, ko ya kasa gane saƙon da ya wuce kalma huɗu. A wasu yaran matsalolin biyu sukan haɗu.

2.0 Matakan Koyon Harshe da Jinkirin Magana

Jariri yakan fara gwaranci tsakanin wata 6 zuwa 10, yana maimaita gaɓoɓi irin su "ba-ba-ba" da "da-da-da". Kalmar farko takan zo wajen wata 12. Daga wata 18 zuwa 24 kalmomi sukan ƙaru da sauri, yaro ya fara haɗa biyu, kamar "Inna ruwa" ko "ba ni". A shekara 3 yana yin jimla mai kalmomi uku ko fiye, yana tambaya. A shekara 4 zuwa 5 yana iya ba da labarin abin da ya faru bi da bi, baƙo ma ya fahimce shi. Fahimta kullum tana gaban furuci: yaro yana gane "kawo takalminka" tun kafin ya iya faɗar haka.

Tazarar da ke tsakanin yara a waɗannan matakai tana da faɗi, musamman kafin shekara 3. Masaniya Leslie Rescorla ta Amurka ta yi amfani da ma'auni mai sauƙi na gane mai jinkirin magana: yaro ɗan wata 24 da kalmominsa ba su kai 50 ba, ko wanda bai fara haɗa kalma biyu ba. Binciken da ya bi irin waɗannan yara ya nuna mafi yawansu suna kamo tsararrakinsu kafin shiga makaranta. Don haka maganar manya cewa "ƙyale shi, zai yi" tana da ƙamshin gaskiya. Haɗarinta shi ne ba kowane yaro take shafa ba. Alamun da ke nuna jinkiri ba mai wucewa ba ne sun haɗa da raunin fahimta, da rashin yin nuni da hannu ko ishara, da samun irin matsalar a cikin dangi. Akwai kuma yaran da suka fara magana a kan lokaci amma tangarɗar ta fito fili daga baya, lokacin da jimloli suka fara tsawo.

Dorothy Bishop da Andrew Edmundson sun bi diddigin wasu yara a Ingila tun suna shekara 4, suka wallafa sakamakon a 1987. Da aka sake auna yaran suna shekara 15 zuwa 16, an tarar waɗanda matsalarsu ba ta warware ba a shekara 5 da rabi sun ci gaba da fama da rauni a magana da karatu. Ke nan matsalar da ta raka yaro har ƙofar makarantar firamare ba kasafai take gushewa da kanta ba.

3.0 Ma'anar Lalurar da Iyakokinta

Masana sun daɗe suna kiran wannan lalura da sunaye barkatai, abin da ya hana a haɗa sakamakon bincike wuri guda, ya kuma hana jama'a saninta. A ƙarshen ƙarni na 20 ma'anar da ta fi rinjaye ta shardanta cewa dole basirar yaro a ayyukan da ba na magana ba ta kasance daidai, harshe kaɗai ya yi ƙasa. Wannan sharaɗi ya sa an hana yara da yawa taimako don kawai makinsu na gwajin basira ya ɗan gaza, alhali bincike bai nuna cewa matsalarsu ta bambanta ba, ko cewa ba sa amfana da horo.

Don warware wannan ruɗani, Bishop ta Jami'ar Oxford ta jagoranci wani shiri mai suna CATALISE, wanda ya tattaro masana fiye da 50 daga ƙasashen da ke magana da Ingilishi, da suka haɗa da masu gyaran magana da likitocin yara da masana halayya da malaman makaranta. An wallafa matsayarsu kashi biyu, a 2016 da 2017. Sun amince da suna guda, lalurar bunƙasar harshe, wanda ake taƙaitawa DLD a Ingilishi, da sharuɗɗa uku. Na farko, matsalar harshen tana kawo cikas na zahiri ga hulɗar yau da kullum ko ga karatu. Na biyu, akwai alamun ba za ta wuce da kanta ba. Na uku, ba ta zo tare da wata sananniyar cuta ba. An kuma jingine sharaɗin tazara tsakanin basira da harshe.

Idan matsalar ta zo tare da rauni a ƙwaƙwalwa, ko shanyewar jiki ta tun haihuwa, ko kurumta, ko otizim, ko raunin basira, ko lalurar gado irin ta Down, sai a kira ta matsalar harshe mai alaƙa da wannan cuta. Akwai kuma lalurorin da ke yawan rakiyarta ba tare da sun kore ta ba, kamar rashin natsuwa da ƙiriniya mai yawa, da wahalar karatu, da rashin daidaiton motsin gaɓoɓi, da matsalar furuci. Kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11, wanda ya fara aiki a 2022, shi ma ya sanya lalurar a matsayin rukuni mai zaman kansa.

4.0 Yawan Masu Lalurar

Bincike biyu ne aka fi kafa hujja da su. Na farko shi ne na Bruce Tomblin da abokan aikinsa na Jami'ar Iowa, wanda aka wallafa a 1997. Sun tantance yara fiye da 7,000 'yan ajin share fage, suka sami kashi 7.4 cikin 100 suna da lalurar: kashi 8 a maza, kashi 6 a mata. Abin da ya fi jan hankali shi ne kashi 29 cikin 100 kacal na iyayen waɗannan yara aka taɓa shaida wa cewa ɗansu yana da matsalar magana ko harshe. Na biyu shi ne na Courtenay Norbury da abokan aikinta a gundumar Surrey ta Ingila, a 2016. Sun sami kashi 7.58 cikin 100 masu matsalar harshe da ba a san dalilinta ba, da wasu kashi 2.34 masu matsalar da ke da alaƙa da raunin basira ko wata cuta. A lissafinsu, kowane aji mai yara 30 yana ɗauke da kimanin yara biyu masu lalurar.

Waɗannan alƙaluma na ƙasashen da aka yi binciken ne, kuma sun dogara da inda aka ja layi a ma'aunin. Amma an bayar da rahoton lalurar a harsuna masu yawa da ba su da dangantaka da juna, daga Italiyanci da Ibrananci zuwa Larabci da Sinanci, don haka babu hujjar zaton yaran Hausa sun tsira daga gare ta. Idan aka ɗauki kashi 7 a matsayin ƙiyasi kawai, aji mai yara 100, irin wanda ba baƙo ba ne a makarantun firamare na gwamnati a manyan biranen Arewa, zai iya ƙunsar yara bakwai. Otizim, wanda ya fi ta suna nesa ba kusa ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta shi a kimanin yaro 1 cikin 100.

5.0 Musabbabai

Lalurar ba ta da dalili guda. Hujja mafi ƙarfi tana nuni ga gado. Tana yawan bin dangi, kuma binciken tagwaye, kamar wanda Bishop da abokan aikinta suka wallafa a 1995, ya nuna idan ɗaya daga cikin tagwaye masu kama ɗaya yana da ita, yiwuwar ɗayan ya same ta ta fi ta tagwayen da ba su yi kama ba, duk da cewa dukansu gida ɗaya suka tashi.

A 1990 aka bayar da rahoton wani iyali a Landan, da aka sakaya sunansu da KE, waɗanda kusan rabinsu, daga kaka har jikoki, suke da tsananin matsalar furuci da nahawu. A 2001 masu bincike a Oxford da Landan suka gano sauyi a ƙwayar gado mai suna FOXP2 a jikin duk waɗanda abin ya shafa. Kafafen yaɗa labarai sun yi ta yayata cewa an gano ƙwayar gadon harshe, amma binciken da ya biyo baya ya nuna irin wannan sauyi ba kasafai ake samunsa ba, kuma ba shi ne sanadin lalurar a yawancin yara ba. Matsayar masana a yau ita ce ƙwayoyin gado masu yawa ne, kowace da ɗan ƙaramin tasirinta, suke haɗuwa da yanayin da yaro ya tashi.

Game da abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa, an gabatar da ra'ayoyi daban-daban. Paula Tallal, tun shekarun 1970, ta danganta lalurar da wahalar rarrabe sautuka masu saurin sauyawa. Susan Gathercole da Alan Baddeley, a 1990, sun nuna raunin riƙe sautukan magana a ka na ɗan lokaci. Michael Ullman da Elizabeth Pierpont, a 2005, sun ce tangarɗar tana cikin tsarin da ƙwaƙwalwa ke koyon ƙa'ida da jeri ta hanyar maimaici. Babu ɗaya daga cikinsu da ya bayyana halin dukkan yara. Hoton ƙwaƙwalwa ma ba ya nuna wani tabo da za a ce ga shi, saboda haka ba a gano lalurar da shi.

Abubuwan da ke ƙara yiwuwar samun ta sun haɗa da tarihinta a dangi, da kasancewa namiji, da ƙarancin karatun iyaye, da shan wahala lokacin haihuwa. Waɗannan alaƙa ce ta ƙididdiga, ba hukunci a kan wani gida ba. Lalaci ba ya kawo ta, shagwaɓa ba ta kawo ta, haka nan tashi da harshe biyu ko uku. Linzamin da ke ƙarƙashin harshe da belu ba su da hannu a koyon kalmomi da nahawu, don haka kai yaro wurin wanzami a yanke su ba ya magance ta.

6.0 Yadda Lalurar Ke Bayyana

Siffofin gama-gari sun haɗa da ƙarancin kalmomi, da lalube kafin a tuna sunan abu, da gajerun jimloli, da kasa bin umarni mai matakai, da ba da labari a hargitse. Aike yana fito da wannan a fili. A ce wa yarinya 'yar shekara 6: "Je ki ɗakin Goggo ki ɗauko faifan da ke kan randa, in kin dawo ki rufe ƙofa." Tsararrakinta za su yi duka. Mai lalurar za ta je ɗakin ta tsaya, ko ta dawo ta ce randar ta yi mata nauyi, ko ta kawo faifan ta bar ƙofa a buɗe. Ta kama kalma ɗaya ko biyu ne, sauran sun zube. In aka tambaye ta wa ya fasa kwano, sai ta ce "wannan, ya yi abin nan, shi ke nan ya faɗi", da nuni da hannu a madadin sunaye. A cikin gida takan ɓoye raunin ta hanyar kallon abin da sauran yara ke yi ta bi sahu, shi ya sa iyaye kan rantse cewa tana jin komai.

A ɓangaren nahawu kuwa, siffar lalurar tana sauyawa daga harshe zuwa harshe. Mabel Rice da Kenneth Wexler sun nuna a 1996 cewa yara masu Ingilishi suna daɗewa suna yar da ɗafe-ɗafen da ke nuna lokaci a jikin aikatau. Laurence Leonard da abokan aikinsa sun tarar yaran Italiya ba su cika yin irin wannan kuskure ba. Inda suke tuntuɓe shi ne gajerun wakilan suna na karɓau da ke zuwa kafin aikatau. Darasin shi ne lalurar tana kama sassan da suka fi sarƙaƙiya, ko waɗanda ba su da ƙarfi a kunne, a kowane harshe. Fassara gwajin Ingilishi zuwa Hausa zai auna abin da babu shi a Hausa, ya tsallake abin da ke akwai.

Bisa wannan, ana iya hasashen sassan Hausa da suka cancanci gwaji. Na farko shi ne lamirin da ke gaban aikatau, wanda ke ɗauke da mutum da jinsi da adadi da lokaci a gaɓa ɗaya ko biyu. Jimlar "ya zo" a rubuce ɗaya ce, amma a baki tana rabuwa ta tsawon wasali da karin sauti: da dogon wasali a "Audu ya zo", da gajere mai karin sama a "Audun da ya zo", da gajere mai karin ƙasa a "ina so ya zo". Bambanci ne ƙanƙane a kunne mai nauyi a ma'ana. Na biyu shi ne sauyin da tambaya da dogarau ke tilastawa: "yara sun tafi" amma "su wa suka tafi?", "yana kuka" amma "me ya sa yake kuka?" Na uku shi ne aikatau aji na biyu a rabon da F. W. Parsons ya yi, wanda wasalinsa na ƙarshe ke sauyawa gwargwadon abin da ya biyo baya: "ta sayi gyaɗa", "ta saye ta", "abin da ta saya". Na huɗu shi ne jam'i, wanda hanyoyinsa ke da yawa: gida da gidaje, jaki da jakuna, kare da karnuka, akuya da awaki, tunkiya da tumaki. Na biyar shi ne korewa mai ɓangare biyu, kamar "bai zo ba", da kuma jituwar jinsi a "rigar Binta" da "wandon Audu".

Duk yaro yana kuskure a waɗannan wurare yayin da yake koyo. Abin da ake buƙata shi ne a san shekarun da yawancin yaran Hausa ke ƙwarewa a kowanne, domin a gane wanda aka bari a baya. Dole kuma a kula da karin harshe. A wasu karuruwan gabas da kudancin ƙasar Hausa, da Hausar Gana, bambancin jinsi ya yi rauni ko ya ɓace, har manya ma suna cewa "rigan Binta". Basakkwace yana cewa "shina" a inda Bakano ke cewa "yana". Ma'aunin da ya ɗauki Daidaitacciyar Hausa kaɗai a matsayin daidai zai ɗora wa lafiyayyun yara lalurar da ba su da ita.

7.0 Tantancewa

Matakin farko shi ne auna ji. A ƙasar Hausa wannan ba abin wasa ba ne, domin yankin yana cikin zirin sanƙarau na Afirka, kuma sanƙarau na daga cikin manyan masu kurumtar da yara. Ƙyanda, da shawara mai tsanani a jarirai, da ciwon kunne mai zubar da ruwa su ma suna taɓa ji. Yaro mai raunin ji na matsakaici yana waiwayowa in an buga ƙofa, amma ƙananan sautukan magana suna wuce shi. Aikin Bolajoko Olusanya a Legas ya nuna ana iya auna jin jarirai a wuraren rigakafi ta hannun ma'aikatan lafiya na matakin farko, kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna da asibitocin koyarwa da za a iya tura yaro.

Mataki na biyu shi ne tarihin lafiya. Binciken Julie Carter da Charles Newton da abokan aikinsu a Kilifi ta Kenya ya nuna yaran da suka tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa sukan ci gaba da rauni a magana da harshe shekaru bayan sun warke. Farfaɗiya, da tamowa, da shanyewar ɓarin jiki da sikila ke haddasawa, da gubar dalma irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, duk suna iya shafar bunƙasar ƙwaƙwalwa. Irin waɗannan yara suna buƙatar likita tare da mai gyaran magana. Yaron da ya fara magana sannan ya daina kuwa, a gaggauta kai shi asibiti.

Mataki na uku shi ne sanin harsunan yaro. Yaro a Kano ko Mubi na iya jin Fulatanci a gida, Hausa a unguwa, Larabci a makarantar allo, Ingilishi a boko. A Maraɗi da Damagaram Faransanci ne a madadin Ingilishi. Ƙa'idar ita ce lalurar tana bayyana a duk harsunan da yaro ke yi. Wanda Hausarsa ke daidai amma Ingilishinsa ya yi rauni ba shi da lalura, bai samu isasshen Ingilishi ba ne. Binciken Johanne Paradis da abokan aikinta a Kanada, a 2003, ya nuna yara masu lalurar da suka tashi da Faransanci da Ingilishi tare ba su fi masu harshe ɗaya tsananin matsala ba. Saboda haka shawarar a daina yi wa yaro harshen gida ba ta da tushe, kuma tana raba shi da kakanninsa.

Mataki na huɗu shi ne kula da al'ada. An tarbiyyantar da yaro Bahaushe kada ya ƙura wa babba ido, kada ya cika surutu gaban baƙo. Shirunsa a ɗakin gwaji ba hujja ba ne. A saurare shi yana wasa da sa'o'insa. Wanda za a tambaya ma abin lura ne. Inda ake kunyar ɗan fari, ko inda aka kai yaro yaye ko riƙo, kaka ko goggo ko yayarsa mai goyonsa ta fi uwa sanin kalmominsa. Katie Alcock da abokan aikinta sun nuna a Kenya cewa ana iya sauya jerin kalmomin da iyaye ke cikewa a rubuce zuwa hira ta baki da iyayen da ba su yi karatu ba, a harsunan Suwahili da Giriyama, a kuma sami sakamako abin dogaro.

Gwaji biyu sun yi fice wajen rarrabe masu lalurar a harsuna da yawa: maimaita ƙagaggun kalmomi marasa ma'ana, da maimaita jimloli. Dukansu ba sa buƙatar na'ura. Na Hausa zai bi tsarin gaɓar Hausa, ya ƙaru daga gaɓa biyu zuwa biyar, jimlolin kuma su ƙunshi sassan nahawun da aka ambata a sama. Hanya ta uku ita ce a gwada yaro, a koya masa abu na ɗan lokaci, a sake gwada shi. Wanda rashin dama ne matsalarsa yakan kama da wuri, mai lalura kuwa yana buƙatar maimaici mai yawa.

8.0 Tasiri ga Karatu da Rayuwa

Karatu a kan magana aka gina shi. Yaron da kalmominsa ba su da yawa, jimla mai tsawo kuma tana kuɓuce masa, zai sha wuya wajen fahimtar abin da ya karanta ko da ya iya haɗa baƙaƙe, kuma lissafin da aka ba shi cikin zance zai gagare shi. Raunin riƙe sautuka a ka yana iya bayyana a makarantar allo da Islamiyya, inda hadda ta dogara da ji da maimaitawa. A nan akan ɗauki abin a matsayin wasa ko rashin himma, bulala ta biyo baya.

Binciken Gina Conti-Ramsden a Manchester, wanda ya fara da yara 242 'yan shekara 7 ya bi su har girma, ya nuna masu lalurar sun fi tsararrakinsu fuskantar cin zali a makaranta, da fargaba da damuwa a shekarun balaga, da ƙarancin sakamakon jarrabawa. Bincike a gidajen gyaran hali na matasa a Birtaniya da Ostareliya ya tarar kimanin rabi ko fiye na waɗanda ke tsare suna da raunin harshe, yawanci wanda ba a taɓa ganowa ba. Duk da haka makomar ba ɗaya ba ce: da yawa daga cikin yaran Manchester sun sami aiki da abokai da rayuwa mai kyau.

9.0 Hanyoyin Taimako

Babu ƙwaya ko allura ko tiyata da ke warkar da lalurar. Horo da gyaran yanayi ne ke rage nauyinta. Bitar da James Law da abokan aikinsa suka yi wa gwaje-gwajen da aka gudanar, a 2003, ta nuna horo yana amfani ga furuci da ƙarin kalmomi, hujjar amfaninsa ga raunin fahimta kuwa ba ta kai haka ƙarfi ba. Bitar Megan Roberts da Ann Kaiser ta 2011 ta nuna iyayen da aka koya wa dabaru suna iya bunƙasa harshen ƙananan 'ya'yansu. Babbar dabarar ita ce mayar wa yaro maganarsa a gyare ba tare da tsawa ba. In ya ce "akuya gudu", sai a ce "E, akuya ta gudu, ta shiga gona." Sauran su ne bin abin da hankalinsa ke kai, da rage saurin magana, da jira ya amsa, da raba umarni gida-gida.

Masu gyaran magana ba su da yawa a yankin, don haka darasin shirin NELI na Ingila yana da amfani. Shiri ne na mako 20 da mataimakan malamai ke gudanarwa da ƙananan rukunin yara bayan gajeren horo, kuma gwajin da aka yi a makarantun firamare 193 ya nuna ya ƙara wa yaran ƙwarewar harshe. Ana iya gina makamancinsa da kayan gida. Tatsuniya tana da maimaici da jeri, kuma tana cike da sigar "suka" da "sai ta". Kacici-kacici yana horar da ma'ana. Aike yana horar da fahimta in aka fara da mataki ɗaya aka riƙa ƙarawa. A aji, malami ya zaunar da yaron gaba, ya haɗa bayani da nuni ko zane, ya koyar da sababbin kalmomi kafin darasi. Maimakon "ka gane?", wadda amsarta kullum "e" ce, ya ce "nuna mini abin da za ka yi."

10.0 Kammalawa

Lalurar bunƙasar harshe tana da yawa, tana daɗewa, tushenta ya fi karkata ga gado, kuma tana amsa horo. Gano ta a yaro Bahaushe yana buƙatar a fara kawar da kurumta da cututtukan da ke taɓa ƙwaƙwalwa, a auna shi a harshen da ya fi ƙwarewa, a kuma yi la'akari da karin harshensa da tarbiyyarsa. Ayyukan da ke gaban masana su ne tattara maganar yaran Hausa daga shekara 1 zuwa 7 a karuruwa daban-daban don fitar da matakan koyon nahawu, da tsara jerin kalmomi na hira da masu raino, da gwajin maimaita kalmomi da jimloli, da sanya tambayoyi kan ji da magana a ziyarar rigakafi, da shigar da darasin lalurar cikin manhajar kwalejojin ilimi da makarantun koyon aikin lafiya. Aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin sassan nazarin harsunan Nijeriya da na ilimi na musamman da na lafiyar yara, domin sanin nahawun Hausa yana wuri ɗaya, sanin lalurar kuma yana wani wurin.